Shagunan cike fom ɗin neman aikin gwamnati a Abuja: ina amfaninsu, ina haɗarinsu?

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, shagunan intanet na Area 10, Kubwa, Nyanya da Gwagwalada cika suke maƙil. Haka aka yi a farkon 2025 da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, mai ofishi a Wuse Zone 3, ta tallata gurabe, haka kuma da hukumar da ke ɗaukar jami'an Sibil Difens, gidan gyaran hali, kashe gobara da shige da fice ta buɗe nata a tsakiyar shekarar. Fom ɗin kansa kyauta ne. Abin da kake biya ladan aikin mai shago ne, kuma a yi ciniki kafin ya taɓa kwamfuta.

Ta fannin kayan aiki sun ci kuɗinsu. Akwai janareta, akwai firinta, kuma sikanin da suke yi ya fi hoton waya nesa ba kusa ba. Sun san yadda ake rage nauyin takarda har shafin ya karɓa ba tare da rubutun ya dushe ba, wanda nan ne masu cikewa a waya suke yawan maƙalewa. Ka je da komai a fayil ɗaya: takardar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, digiri ko difloma, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, takardar haihuwa ko rantsuwar kotu, shaidar ƙaramar hukuma, da fasfo na kwanan nan. Shaidar ƙaramar hukuma ba ado ba ce, da ita ake rabon gurabe tsakanin jihohi. Haihuwa a Abuja ba ta mayar da mutum ɗan asalin Bwari ko Kuje. Jihar iyayenka za ka sa.

Matsalar tana wajen shigar da bayanai. Yaron shago na da mutum goma a bayanka, hannunsa na gudu, yana cewa "Alhaji, kawo NIN, sauran na sani." Bai sani ba. Takardarka ta ce Muhammad, shi ya buga Mohammed; ya sa sunan mahaifi a gurbin sunanka; ya juya rana da wata, 3 ga Mayu ta koma 5 ga Maris. Ba ranar za ka ga illar ba, sai wajen tantancewa, inda ake jera NIN da takardun makaranta a duba harafi bayan harafi. In dama can NIN ɗinka ya saɓa da takardunka, ofishin NIMC, hukumar da ke ba da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, za ka fara zuwa, ba shago ba. Wanda ya manta lambar NIN ɗinsa ya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.

Mafi muni shi ne imel. Wasu shagunan kan buɗe maka sabo a gurguje, ko su sa nasu da lambar wayarsu. Gayyatar jarrabawar kwamfuta ta can za ta bi, watanni bayan ka manta da shagon. Imel ɗinka, layinka, lambar sirri kuma kai za ka buga da hannunka. Kada ka yarda a sake cike maka na biyu "don ƙara sa'a". Gurbi ɗaya aka yarda a nema, ninki na jawo a soke duka.

Sai mai raɗa maka cewa yana da hanya a ciki, kawo kaza a ba ka gurbi. Tashi ka bar shagon. Takardar ɗaukar aiki ta bogi asirinta na tonuwa ne wajen shiga tsarin albashi na IPPIS, lokacin kuɗin sun daɗe da tafiya.

Ga mai wayar kirki da haƙuri, sikanin kaɗai ya isa ya saya, ya cike sauran a gida da tsakar dare sa'ad da cunkoso ya ragu. Wanda dole sai an cike masa, ya ja kujera kusa da allon, ya karanta kowane layi kafin a tura, ya karɓi silif kwafi biyu, ya tabbata an goge takardunsa daga kwamfutar kafin ya miƙe.