Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 a sanyin Nuwamba

Takanas saboda ƙarshen kaka na sayi madubin nan. Mako biyu na yi da shi a Hawk Mountain, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, inda tun 1934 ake zama kan duwatsu ana ƙirga shahuna da gaggafa masu ƙaura zuwa kudu. A da maharba ne ke hawa wurin su yi ta kakkaɓo su, har wata mai fafutukar kare tsuntsaye, Rosalie Edge, ta karɓi hayar filin ta hana. Masu ƙirgar wurin suna zama daga 15 ga Agusta zuwa 15 ga Disamba. Ni ina gefe da ɗan littafina, ina gwada lissafina da nasu.

Nuwamba ba kamar tsakiyar Satumba ba ce, lokacin da shahuna ke cika sama garke-garke. Yanzu ɗaiɗai suke zuwa. Rana ta yi rauni, ba ta dumama ƙasa har iska mai zafi ta ɗaga su, sai su bi kafaɗar tsaunin, suna hawa iskar arewa maso yamma da ke bugun dutse ta yi sama. Tsuntsu kan ɓullo ƙasa-ƙasa, ya saje da bishiyoyi, kafin ka ce kwabo ya wuce. A nan madubin ya biya ni. Sau 8 yake kusanto da abu, don haka filin da yake nunawa yana da faɗi, kuma hannu ko yana rawar ɗari hoton ba ya tsalle kamar na mai sau 10. Gilashin gaba mai milimita 42 yana tara haske ko gari ya yi duhun hadari.

Wata safiya wani baƙin abu ya taso daga arewa, fiffike shimfiɗe. Na ɗora madubi: ƙaramin kai, fari tas a gindin jela, farin tabo a tsakiyar kowane fiffike. Matashiyar gaggafa mai ƙeyar zinariya ce, ba 'yar gaggafa mai farin kai ba, wadda kanta ya fi girma, farinta kuma a warwatse yake. Na rubuta kafin mai ƙirga ya faɗa, kuma muka yi daidai. Raina ya yi fari ƙal.

Aibinsa ɗaya ya dame ni ƙwarai. In sanyi ya tsananta, abin murɗawa na saita gani yana ƙagewa, da safar hannu kuwa sai a hankali. Sau biyu shaho mai jan jela ya wuce ina kokawa da shi. Igiyar wuyansa siririya ce, na sauya ta a rana ta uku. Cikinsa bai taɓa yin raɓa ba, numfashina ne kawai ke rufe gilashin ido in na yi sakaci.

Tsuntsun da ya yi nisa har ya zama ɗigo fa, wannan sai babban madubi mai ƙafa uku. Irin waɗannan guda huɗu na rubuta su a littafina babu suna.