Hattara da masu sayar da "na'urar zuba tashoshin eriya cikin dikodar dish"

Jama'a, abin da ya same ni nake so in faɗa muku tun bai sami wani ba. Akwai masu talla a shafukan sada zumunta da ke sayar da wani ɗan ƙarfe, girmansa bai wuce kwalin ashana biyu ba, mai bakin waya uku. Cewa suke in ka ɗaura wayar eriya a baki ɗaya, ta dish a ɗaya, ka kai na ukun bayan dikoda, to tashoshin gida za su shigo cikin jerin na satalayit, rimot ɗaya ya ishe ka. Wasu har ƙarawa suke wai yana buɗe tashoshin biya. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma sai da kuɗina suka tafi na gane.

Ni dai buƙatata ba ta da yawa. In hadari ya haɗu ruwa ya sauko da ƙarfi, hoton dish ya kan daskare ya ɗauke, alhali eriya tana nan tana kamawa. Ba na son in sake huda bango don waya ta biyu, kuma na gaji da neman rimot biyu a ƙarƙashin kujera. Sai na ci karo da bidiyon ɗaya daga cikin masu tallan: ga hannunsa yana ɗaura wayoyi, ga talabijin, yana danna rimot tashoshin gida na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na yi masa magana, ya amsa nan take, baki kamar zuma. "Yallaɓai, ba sai ka kira mai haɗawa ba, ko yaro zai ɗaura maka." Na tura kuɗi, kaya suka iso a leda, ba kwali, ba takardar bayani, sai wata sitika mai ƙyalli da aka manna a kai.

Na hau sama na ɗaura kamar yadda ya nuna. Na sauko na kunna, allo ya ce babu sigina. Ba na eriya kaɗai ba, har na dish ɗin da nake kallo lafiya lau da safe. Da na kira shi sai ya yi dariya, wai ai ba a kunna na'urar ba tukuna, akwai lambar kunnawa da ake saya daban. Nan ya kamata in farga, amma mutum in ya riga ya zuba kuɗi, zuciyarsa ba ta son ta yarda an cuce shi. Na ƙara turawa. Ya aiko da lambobi shida. Na bi saitin dikoda lungu da saƙo, babu wurin da ake shigar da su. Ya ce to manhajar dikodata ce ta tsufa, in sake turo wani abu ya sabunta mini daga can. Da na ce a'a, a dawo mini da kuɗina, sai ya toshe lambata. Kwana biyu shafin ma ya yi ɓatan dabo.

Wani dattijo mai haɗa dish na kira ya gyara mini ɓarnar. Ya juya ƙarfen a tafin hannunsa, ya sa farce ya ɓare sitikar. A ƙarƙashi an buga IN, OUT, OUT, sannan 5-1000MHz. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, wannan ai sifilita ce, irin ta raba wayar eriya ɗaya zuwa talabijin biyu." Kunya ta kama ni, don abu ne da ke zube a akwatin kayan aikinsa.

Bayanin da ya yi mini shi ne dalilin wannan rubutu, don da na san shi da ba a same ni ba. Tashoshin eriya suna tafiya ne a ƙasa da megahaz 862, wato MHz ɗin nan, ma'aunin zangon sigina. Abin da ke saukowa daga LNB, wato ƙoƙon nan da ke fuskantar farantin dish, yana tsakanin 950 zuwa 2150. Ka ga ƙarfen da iyakarsa 1000 ya riga ya datse kusan dukkan siginar satalayit. Ƙari a kan haka, LNB ba ta da wutar kanta. Dikoda ce ke tura mata bolt 13 ko 18 ta cikin wayar, har da wani sauti na kilohaz 22 da ke sauya mata zango. Sifilitar da aka sayar mini ba ta barin wuta ta wuce, shi ya sa komai ya mutu. Ya ce ma na yi sa'a: akwai wadda ke barin wutar ta wuce ta kowane baki, ta tura ta kan eriya, wuta ta haɗe, dikoda ta dinga nuna matsalar LNB, wani lokaci ɓangaren wutarta ya lalace.

Inda 'yan damfarar nan suka samu ƙofa shi ne akwai ƙanshin gaskiya a maganarsu. Da gaske ana iya ɗora eriya da dish a kan waya ɗaya, tunda zangonsu bai haɗu ba. Abin da ke yin wannan aiki sunansa difileksa, kuma a ido kamarsa ɗaya da sifilita. Bambancin yana rubuce a jiki: baki ɗaya SAT, ɗaya ANT ko TV, kuma lambobinsa suna kaiwa 2150 ko sama. Guda biyu ake sawa, ɗaya a sama ya haɗa, ɗaya a bayan talabijin ya sake rabawa, reshen SAT ya tafi dikoda, na eriya ya shiga talabijin. Yawan waya kawai yake rage maka. Ko shi ba ko'ina yake aiki ba, don akwai sababbin LNB masu faɗin zango da ke sauko da sigina tun daga wajen megahaz 290, su hau kan zangon eriya. Haka wayar kebul ta kamfani, wani lokaci tana haurawa sama da 950 ta yi karo da na dish.

Amma zuba tashoshin eriya cikin jerin dikoda, wannan ba aikin waya ba ne ko kaɗan. Aikin tuna ne, wato abin da ke kama sigina a cikin dikodar. Ta satalayit tsarin sigina mai suna DVB-S2 take ji, tashoshin eriya na zamani a ƙasashe da dama DVB-T2 ne, na kebul kuma DVB-C. In babu tunar a ciki, ba ƙarfe, ba lamba, ba manhajar da za ta haifar da ita. Mai son jeri ɗaya da rimot ɗaya sai ya nemi dikodar da ake kira kombo, mai ɗauke da tuna biyu. A nan ma a buɗe ido, don wasu tsofaffin dikodoji suna da bakin ANT IN a baya, amma wucewa kawai siginar take yi zuwa talabijin, ba kamawa suke ba. Masu cuta suna nuna wannan bakin a matsayin shaida. A duba kwali ko takarda a ga S2 da T2 duka a rubuce, a kuma shiga saiti a ga akwai wurin neman tashoshin eriya daban.

Bidiyon fa? Dattijon ya kalla sau ɗaya ya tsayar da shi daidai inda aka hasko gaban dikodar. Kombo ce. Wayar da ke fita daga ɗan ƙarfen kuwa ta bi bayan tebur, ba a taɓa nuna inda ta shiga ba.

Jiya na sake ganin bidiyon nan, hannun nan, teburin nan, a wani sabon shafi da sabon suna. Sitikar ce kawai ta canza launi, da ja ce, yanzu shuɗiya. Duk wanda aka turo wa, ya ce a ɓare sitikar a ɗauko masa hoton rubutun da ke jikin ƙarfen kafin ya tura ko sisi. Ni da na tambaya ta wata lambar, har yanzu ba a ba ni amsa ba.