Kubwa ko Mararaba? Ki ɗauki Kubwa, amma ki ga makaranta kafin ki biya haya

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Barka da wannan canjin wurin aiki da aka yi wa maigida zuwa Abuja, Allah ya sa alheri ne ya kira ku. Tsakanin Kubwa da Mararaba da kika tambaya, tunda yaranki makarantar gwamnati za su shiga, Kubwa za ki ɗauka. Na zauna a duka biyun, shekara 2 a Mararaba, yanzu kuma muna cikin ta 6 a Kubwa. Ba ji na yi a bakin wani ba.

Abu na farko da baƙo ba ya ganewa sai ya sauke kaya: Mararaba ba Abuja ba ce. Tana cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, kuma makarantunta na gwamnati daga Lafiya, babban birnin jihar, ake kula da su. Kina wuce Nyanya kin bar Babban Birnin Tarayya, ko da yake gidaje a manne suke har ba za ki san kin tsallaka iyaka ba. Ita kuwa Kubwa tana ƙarƙashin Bwari, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Abuja, tare da AMAC (ta cikin birnin Abuja) da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Firamarenta na gwamnati su ne ake kira LEA. Ƙaramar sakandare tana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja, wato UBEB, babbar sakandare kuma tana hannun hukumar makarantun sakandare ta birnin. Ki riƙe wannan rabon, zan dawo kansa, domin shi ne ya bambanta wanda yajin aikin malaman firamare ke zaunarwa a gida da wanda ba ya taɓawa.

Mararaba dai haya da sauƙi, kayan miya da arha a kasuwar Orange, ga 'yan uwa Hausawa ko ta ina. Iyakar alherin da zan iya faɗa a kanta ke nan. Arhar hayar ce ta ja mu, kuma har yau ina jin ciwon shekarun nan biyu a karatun babban ɗana. Makarantar da ke kusa da mu ta cika ta batse, mutane sun yi wa garin yawa fiye da ajujuwan da aka gina. Yaro ya dawo da wando duk ƙura saboda a ƙasa ya zauna, littafinsa kuma sai ya yi mako biyu ba jan biro a ciki. Muka yi abin da iyaye da yawa ke yi a can, muka mayar da shi wata makaranta a ɓangaren Abuja. Daga nan sai tashin asuba: ana sallame salla mu fita, mu shiga cunkoson hanyar Keffi, wanda duk mai zuwa aiki cikin gari ya san shi. Yaro ɗan shekara 8 ya isa aji a gajiye, ya dawo a gajiye, Islamiyya ta gagara. Abin da muka rage a haya, kuɗin mota da 'yan ga-ruwa suka cinye shi.

Da muka koma Kubwa, 'yata ta tsakiya ce ta fi damuna. Tana aji 3 a lokacin, kuma in an ba ta littafin Turanci sai ta kalli hoto ta ƙirƙiri labari daga kanta. Kunya ta hana ta buɗe baki a aji, ga yaran wajen duk da Turanci da buroka suke wasa. Malamarsu wata Bagwariya ce, dattijuwa, mai tabarau da igiya a wuya. Mako na biyu ta aiko a kira ni. Na tafi gabana na faɗuwa, na zaci laifi aka yi. Sai ta zaunar da ni a kan benci, ta buɗe littafin yarinyar, ta nuna min da yatsa inda take rikita b da d, ta ce in bar mata ita minti 20 bayan an tashi, kullum ban da Juma'a. Ko sisi ba ta nema ba. Ta yanka kwalin sabulu ta rubuta kalmomi a kai, kowace rana guda 5, yarinyar ta zo da su gida a aljihun jaka. Kafin ƙarshen zango na biyu, wata rana muna cikin Keke Napep a titin Gado Nasko, sai na ji ta tana karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, har mai keken ya juyo yana dariya yana gyara mata wata kalma. Wallahi sai da na share hawaye da gefen mayafi. Yanzu tana ƙaramar sakandare, da ƙafa take zuwa, da hijabinta kalar yunifom, ta dawo ta ci abinci ta huta ta tafi Islamiyya ƙarfe 4.

Ba zan ce miki kowace malama a Kubwa haka take ba. Amma tafiyar minti 10 da ƙafa ce ta sa na iya zuwa ranar da aka kira ni, kuma ita ce ta sa yarinyar ta iya tsayawa bayan tashi ba tare da tunanin mota ba. Da muna Mararaba, ko da an sami irin wannan malamar, ba mu da wannan minti 20 ɗin.

Yanzu ga aibin Kubwa, don kada ki ce na ɓoye miki. Albashin malaman firamare na LEA daga ƙananan hukumomi yake fitowa, kuma an sha yin rigima a kansa. A 2025 malaman firamaren gwamnati na Abuja sun shiga yajin aiki tun ƙarshen Maris, ba su koma ba sai a Yuli, fiye da wata 3, a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi. Autana yana gida duk tsawon lokacin. Mu iyaye 4 a layinmu muka haɗa kuɗi muka ɗauki wata ɗaliba mai jiran sakamako tana yi musu lesin a barandarmu da safe. Yayyensa na sakandare kuwa suna ta zuwa makaranta, domin albashin malamansu ba ta hannun ƙaramar hukuma yake bi ba. To ki duba shekarun yaranki. In yawancinsu sun kusa sakandare, Kubwa ta fi miki nesa ba kusa ba. In duk ƙanana ne, har yanzu Kubwa, sai dai ki ware ɗan abin lesin a gefe saboda irin wannan rana. Cunkoson aji ma akwai shi a nan, musamman makarantun da ke bakin manyan unguwanni, shi ya sa ba sunan garin kawai za ki bi ba.

Kubwa faɗi gare ta. Akwai Phase 1 zuwa Phase 4, akwai PW, FHA, Gbazango, Arab Road, Byazhin, Chikakore. Tsofaffin unguwannin da aka tsara sun fi tituna da ruwan famfo, kasancewar madatsar ruwa ta Usuma ba ta da nisa, hayarsu kuma ta fi tsada. Can ciki wajen Byazhin haya ta fi sauƙi, amma ki tambayi yadda hanya take da damina. Kuma kome kyan gida, in sai yaro ya tsallaka babban titin Kubwa kafin ya kai makaranta, ki bar shi. Motocin titin nan ba sa rage gudu don ɗan makaranta.

Ga yadda nake duba makaranta, kuma haka na yi wa ƙanwar maigidana da suka zo bara. Kada ki je ranar Litinin da safe lokacin da kowa ke tsaye a layi tsaf. Ki je Talata ko Laraba, bayan an dawo daga tara, wajen ƙarfe 11. A wannan lokacin ne za ki ga ajin da malami ke ciki da ajin da monita ke tsaye da bulala yana rubuta sunayen masu surutu. Ki gaisa da shugabar makaranta, ki gaya mata gaskiya cewa kuna shirin tarewa ne, ki tambaye ta ko akwai gurbi a ajin da kowane yaronki zai shiga. Sannan ki roƙa a nuna miki littafin lissafi na wani yaro ɗan aji 4, ba wanda za a zaɓo miki ba, na wanda ke zaune a baya. Ki duba kwanan wata a saman shafi, ki duba jan biro. In aikin jiya yana nan an duba shi, makarantar tana da rai. In aiki na ƙarshe na makonni uku da suka wuce ne, fenti da furannin ƙofar ofis ba za su koya wa ɗanki kome ba.

Daga nan ki zaga bayan ajujuwa ki ga banɗaki da idonki, musamman saboda 'ya mace. Yarinyar da ta fara girma, in babu banɗaki mai ƙofa da ruwa, za ta riƙa ƙin zuwa wasu kwanaki a wata, kuma ba lallai ta gaya miki dalili ba. Ki duba katanga, ki ga ko akwai mai gadi, ko kuwa 'yan acaɓa ne ke yanke hanya ta tsakiyar fili. Ki tambaya ko akwai malamin addinin Musulunci, domin wata makarantar darasin yana kan jadawali amma babu mai koyarwa. In kin fito, ki tsaya wajen matar da ke sayar da awara ko fanke a bakin ƙofa, ki sayi na ɗari biyu, ki tambaye ta ƙarfe nawa malamai ke isowa, ƙarfe nawa suke tafiya. Ita ba ta da abin karewa, kuma kullum tana wurin.

Maganar kuɗi: dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatu kyauta ne daga aji 1 na firamare zuwa aji 3 na ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Duk da haka za ki sayi yunifom da littattafai, kuma akwai kuɗin PTA. Duk abin da aka ce ki biya, ki nemi rasit.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki, ki yi hattara da dillalan gidaje. Za su turo miki hoto a WhatsApp su rubuta "Abuja", ki je ki tarar da kanki a Masaka ko Ado, can cikin Nasarawa. Za su ce "makarantar gwamnati na bayan gida", ashe tafiyar rabin awa ce a kan babur, ko kuma wata 'yar makarantar kuɗi ce mai ɗaki uku. Wasu sai sun karɓi kuɗin ganin gida kafin su motsa, su zagaya da ke gidajen da sun san an riga an kama. Wasu kuma da rani suke nuna gidan bakin rafi, sai Agusta ki ga ruwa a tsakar ɗaki. Ki duba gindin bango, in akwai layin danshi ko sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, kin sami amsa. Kada maigida ya tura ko kwabo sai ya ga mai gidan ko lauyansa ido da ido, an rubuta yarjejeniya, an faɗi kuɗin dillali da na lauya tun farko. Kafin a biya, ki kama hannun ƙaramin cikin yaranki ku taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar, ki duba agogo.

Akwai kuma masu cewa za su samo wa yaro gurbi a makarantun gwamnatin tarayya in an ba su wani abu, ko su ce zama a Abuja na ba da fifiko. Ƙarya ce. Akwai su kusa da mu, ta 'yan mata a Bwari, da ta Kwali, a ɓangaren Nasarawa kuma akwai ta Keffi, amma shigarsu ta jarrabawar kwaman entirans ce da NECO ke shiryawa, kuma jihar asalin yaro ake dubawa wajen makin shiga, ba unguwar da yake haya ba. Haka masu tallar makarantar da "ba a faɗuwa WAEC". Wannan satar amsa suke sayarwa, yaro ya fito da takarda mai kyau da kai fanko.

Kafin ku taso, ki karɓo wa kowane yaro takardar canjin makaranta daga inda yake yanzu, da sakamakon zangon ƙarshe, da takardar haihuwa, da hotuna ƙanana, ki yi kwafin kowanne ki ajiye daban. In da hali ku daidaita tarewar da farkon shekarar karatu a Satumba, ya fi sauƙin samun gurbi fiye da tsakiyar zango. In maigida dole ya fara aiki kafin nan, gara ya riga ku zuwa ya zauna wajen wani ɗan uwa, ku ƙarasa zangon a gida. Ranar da kika shigo duba gidaje ki yi min magana ta akwatin saƙo, in dai Talata ce ko Laraba zan raka ki mu zaga makarantu biyu ko uku da ke kusa da inda aka nuna muku.