Wata takwas da agogon gudu a hannuna a Jidda

Ba sha'awa ce ta sa na sayi agogon nan ba, tsoro ne. A watan Janairu likita ya duba takardar gwajin jinina, ya ɗora yatsa a kan 6.1, ya ce wannan shi ne awon sukari na wata uku, kuma daga 5.7 zuwa 6.4 mutum yana bakin ƙofar ciwon sukari ne, in ya kai 6.5 ya shiga ɗaki. Shekarata 46, nauyina kilo 91, aikina zama a shagon kayan gyaran mota daga safe har bayan isha'i. Da na fito sai na zarce Shara Falasɗin, inda ake hada-hadar waya, na ba da riyal 650 na ɗauko agogo mai GPS da awon bugun zuciya. Uwargida ta juya shi ta ce, "Maigida, wannan kuma shi zai yi maka gudun?" Ban tanka ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ya hana ni sauri. Ranar farko na je Kornish, titin bakin teku, bayan sallar asuba, na zabura kamar wanda aka biyo, ko minti huɗu ban yi ba na tsaya na dafa gwiwa. Agogo ya nuna bugun zuciya 171 a minti. Lissafin iyakar bugun zuciya da aka saba yi shi ne a cire shekarun mutum daga 220, nawa ya ba da 174, wato na kusa ƙure zuciyata a kan gudun da bai kai kilomita ɗaya ba. Lissafin kintace ne, mutane sun bambanta, amma ya ishe ni ishara. Sai na saita shi ya riƙa girgiza duk lokacin da na haura 140. Makonnin farko girgiza kawai yake yi, in koma tafiya, in sake sassarfa, har wani dattijo mai tafiya da sanda ya kusa cim mini. Akwai Alhaji Sale, haifaffen Makka ne amma Hausarsa tsaf, shekara da shekaru yana gudu a wurin. Shi ya ce mini, "Ƙanina, in ba ka iya ba ni labari kana gudu ba, to ka yi sauri da yawa." Na lura awon nasa da na agogon kusan wuri ɗaya suke faɗawa, sai dai nasa kyauta ne. Yanzu ina yin kilomita 5 ba tsayawa, bugun yana yawo tsakanin 135 da 142, kuma bugun zuciyata ina kwance ya sauko daga 78 zuwa 64. Wannan lambar ta fi kowacce faranta mini rai.

Yana kuma tara mintunan mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Ganin minti 110 kacal a daren Alhamis ya sha tayar da ni ran Juma'a da sassafe. Taku 10,000 da yake nacin in cika kuwa ban damu da shi ba. Adadin ya samo asali ne daga tallan wata na'urar ƙirga taku a Japan a shekarun 1960.

Inda ya cuce ni, ko in ce na cuci kaina da shi, wajen kalori ne. Ina gama gudu sai ya rubuta mini 680 ko 700, ni kuma in ɗauka lasisi aka ba ni. In biya wajen mai ful, dafaffen waken nan, in sa a malala mai, in haɗa da burodin tamis guda sukutum, in kora da shayi mai madara cokali uku na sukari. Da rana ga kabsa, shinkafa da nama. Wata biyu cur sikeli bai motsa ba. Sai daga baya na san cewa gudu yana cin kimanin kalori ɗaya ne a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita, wato kilomita 5 ɗina ba su wuce 450 da wani abu ba. Tun a 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai, suka tarar yawancinsu suna kamanta gaskiya a bugun zuciya, amma a kalori wadda ta fi kyau ma ta kauce da kashi 27 cikin ɗari. Na daina kallon lambar gaba ɗaya. Na raba tamis biyu, na mai da sukarin shayi rabin cokali, na ƙara ƙwai da laban, wato nono, da salak. Dabino uku kafin fita sun ishe ni. Daga nan ne nauyi ya fara sauka, yau ina 84.

Zafin Jidda kuma wani babi ne da agogon bai san da shi ba. Ba ranar ce matsala ba, ruɗuba ce, laimar nan ta Bahar Maliya da ke hana gumi bushewa, alhali bushewar gumin ce ke sanyaya jiki. A Agusta, gudun da na saba yi a 138 sai ya koma 150, agogo kuma ya rubuta mini wai ƙarfina ya ragu. Wata rana na hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, na ga kilo 1.3 sun tafi a minti 50. Ba kitse ba ne, ruwa ne, kusan lita ɗaya da sulusi. Tun daga ranar nake fita da gora, in na dawo in sha laban da ɗan gishiri.

Awon bugun ma yana da ranakun haukarsa. Koriyar fitila ce a bayansa take haska fata tana karanta kai-komon jini, to in gumi ya yi yawa madauri ya saki, sai ya kama ƙirga takuna a madadin zuciyata. Ina tafe lafiya lau in ga 168 ta tsaya cak. Karo na farko har salati na yi. Maganinsa in matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa biyu, in ƙara ɗaure shi. Madaurin robar kuma ya fesa mini ƙuraje, sai da na saya na zare na riyal 25.

Sauran ƙananan abubuwa: batir yana kai ni kwana shida, wayar cajinsa ta daban ce, in ta ɓata ka shiga uku. Ruwa ba ya shigarsa, amma dole in sassauta shi a kowace alwala don ruwa ya game hannu. Bai san asuba ba, kullum sai ya ce barcina ya lalace don na tashi ƙarfe huɗu da rabi. Ya taɓa girgiza ana tsakiyar huɗubar Juma'a wai in tashi in motsa. Ranar da muka je umra da iyali, a wajen sa'ayi GPS ya rikice saboda rufi, ya zana mini wani layi kamar sawun kaza, ko da yake ƙirgan taku ya yi daidai da abin da aka sani, kilomita uku da 'yan kai tsakanin Safa da Marwa sau bakwai.

Zan ba shi bakwai cikin goma. Wanda zai fara, musamman in ya haura arba'in ko yana da hawan jini, ya fara ganin likita, sannan ya fifita takalmi mai kyau a kan agogo in kuɗin ba su isa biyun ba. Na koma gwaji a Satumba, awon ya dawo 5.8. Uwargida kuwa yanzu ita ke karɓe shi bayan magariba, ta tafi mamsha, hanyar masu tattaki, da maƙwabciyarta, ta dawo mini da shi batir saura kashi goma.