Gansakuka, fan ko moda: wanne za ka saya don lungun inuwa?

Masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja da Kaduna sukan jera tsirrai masu kore shar a ƙarƙashin rumfa, ka saya ka kai gida, kafin sati uku ganye ya ƙone. Yawancin waɗannan tsirrai 'yan ƙasan kurmi ne. A can ƙarƙashin manyan itatuwa, hasken da ke isa ƙasa bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba, iska kuma cike take da laima. Inuwa muna da ita. Laimar ce matsala, domin da hunturu a Kano danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20.

Gansakuka ce ta fi ruɗar mai saye. Ba ta da saiwa ta gaskiya, ta jikin ganyenta take shan ruwa, shi ya sa iska na bushewa ita ma take bushewa. Dubi wadda ke fitowa a gindin katanga da damina: ruwa na ɗaukewa ta koma launin ruwan ƙasa. Sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, ka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, amma wa ke son adon da rabin shekara yana suma? In dai ita kake so, sa ta a kwalba mai murfi, kusa da taga amma ba inda rana ke dukan gilashin ba, in ba haka ba ta dahu. Ka kuma tambayi mai kaya ko mai rai ce. Akwai wadda aka jiƙa da sinadarin gilisarin aka rina, kyau gare ta amma matacciya ce. Busasshiyar gansakukar da ake kira sifagnum, da ake shigowa da ita daga Chile da New Zealand kuwa ta shimfiɗa ce a tukunya, tana riƙe ruwa kusan ninki 20 na nauyinta.

Fan, mai ganye kamar gashin tsuntsu, iri-iri ne. Na Boston yana da haƙuri in ƙasarsa ba ta bushe ba. Adiyantum mai siraran ganye, yini ɗaya na ƙishi ya ishe shi. Mutumin Jos ko Mambila zai iya gwadawa. Na Sakkwato, ban ba shi shawara ba.

Kalatiya, tsiro mai ganye mai zane-zane, 'yar kurmin Kudancin Amurka ce, kuma 'yar gata. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana ƙona bakin ganyenta, sai ka tara mata ruwan sama.

Ni da kuɗina, fotos ko moda zan ɗauka. Fotos, wanda masu lambu ke kira mani filant, yana yaɗo ko a kwalbar ruwa, sai dai a nisanta shi da yara don ganyensa na ƙaiƙayin baki. Moda kuwa 'yar gida ce, ta Afirka ta Yamma, da zarenta ake tsirkiyar baka. Ganyenta mai kauri yana ajiye ruwa, yawan ban ruwa ne ma ke ruɓar da ita.

Kafin ka biya, juya tukunyar ka ga ko da huda a ƙasa, ka leƙa bayan ganye don farin ƙwaro mai kama da auduga. In da hali, ka yi sayayyar da farkon damina, tsiron ya samu watanni ya kama kafin iskar Nuwamba ta taso.