Koto ko shamisen: wanne ne a hannun matar?

Malama, kin ce a hotunan Japanawa na da, irin waɗanda ake sassaƙawa a katako a buga a takarda, kina ganin mata da kayan kiɗa iri biyu, ɗaya a shimfiɗe a ƙasa ɗaya a rungume, kina tambaya ko abu ɗaya ne. A'a wallahi, ba ɗaya ba ne, kuma abin kiɗan ne ma yake gaya miki matar ko wace ce.

Na ƙasan nan dogo shi ne koto, tsirkiya 13 gare shi, tsawonsa ya kusa mita biyu, mai kaɗawa tana durƙushe ta sa ƙumba ta aro a yatsu uku. Daga ƙasar Sin asalinsa ya zo, a fada ya fara zama, shi ya sa in kika ga yarinya a gabansa to galibi 'yar gidan manya ce ko 'yar attajiri da ake koya wa tarbiyya, don a wajensu kiɗan koto yana jere da dara, rubutun hannu da zane, abu huɗu na mai ilimi.

Wanda ake rungumewa kuma shamisen, tsirkiya 3, kamar molo amma kansa mai kusurwa huɗu ne da fata, ana dukansa da wani faffaɗan abu mai suna bachi. Shi baƙo ne, daga tsibiran Ryukyu da ke kudu da Japan ya shigo a ƙarni na 16, sai ya zama na gari, na gidan wasan kwaikwayo na kabuki da geisha, wato mata masu nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawa, da Yoshiwara, unguwar karuwai a birnin Edo, Tokyo ta yau kenan.

Ni dai hotunan shamisen sun fi kama min rai, musamman na mai zane Utamaro, matar ta karkata kai tana murɗa maɗaurin tsirkiya tana saurare, kamar ki ji ƙarar. Na koto natsuwa ce zalla, irin ta mai zane Harunobu wanda a zamaninsa aka fara bugu mai launuka da yawa a 1765.

In kin sake samun hoton ki buɗe shi sosai ki dubi tsirkiyoyin. Kowane siririn layi masassaƙi ne ya ƙwaƙule katakon ceri hagu da dama ya bar shi a tsaye kamar gashi, kuma a koto sau 13 zai yi hakan a jere ba tare da ko ɗaya ya karye ba.