Ƙofar baranda mai naɗewa: wacce za ka saya don kada girkawa ta ba ka wahala

Yawancin matsalolin ƙofa mai naɗewa, irin su cijewa, jan ƙasa da ƙin kulluwa, tun a wurin saye ake ɗauko su, idan aka zaɓi samfurin da bai dace da bangon ba. Don haka kafin ka tsaya kallon launi, duba linta da daɓen wurin da za ta zauna, su ne za su faɗa maka irin wadda za ka saya.

Iri biyu ne ta fuskar ɗaukar nauyi. Akwai mai rataya, wadda tayoyinta ke gudu a layin sama, nauyin ƙyauren duka yana kan linta. Akwai kuma mai tayoyi a ƙasa, wadda daɓe ke ɗauke da ita, layin sama riƙe ta kawai yake yi kada ta kife. Nauyin ba kaɗan ba ne. Kowane milimita na kaurin gilashi yana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita ɗaya, saboda haka gilashi mai ruɓi biyu, kowanne milimita 4, ya kai kilo 20 a kowane murabba'in mita. Ƙyaure mai faɗin milimita 900 da tsayin 2100 yakan haura kilo 40 idan aka haɗa da firam, kuma da zarar an naɗe ƙofar, ƙyaure huɗu ko biyar za su taru a gefe guda.

Mai rataya ta fi santsi wajen turawa, yashi da ƙura kuma ba sa isa ga tayoyinta. Amma in linta ta lotsa ko da milimita kaɗan, ƙyauren tsakiya zai sauko ya riƙa gurzar dokin ƙofa, kuma juya hinji ba zai magance wannan ba. Idan bango aka fasa aka faɗaɗa a tsohon gini, ko ba injiniya ne ya ƙididdige ƙarfin lintar ba, mu dai mai tayoyi a ƙasa muke ba da shawara. Sharaɗinta shi ne daɓe mai ƙwari kuma miƙaƙƙe daga farko har ƙarshe, sannan a riƙa share layin.

Ta fuskar abin da ake yin firam da shi, alminiyam ya fi roba da katako riƙe siffarsa, firam ɗinsa siriri ne, kuma yana ɗaukar ƙyaure mai faɗi har wajen milimita 1200. A nemi mai tsirin roba a tsakiyar firam wanda ke hana zafi ko sanyi ratsawa. Robar uPVC ta fi araha, sai dai tana miƙewa da zafi kusan ninki uku na alminiyam. A buɗi mai faɗin mita 4, idan zafi ya ƙaru da digiri 40, alminiyam zai ƙaru da abin da bai kai milimita 4 ba, uPVC kuwa ta kai 10 ko fiye. Shi ya sa za ka ga ƙofa ta kulle lafiya da safe, da azahar ta ƙi, musamman mai baƙin launi da ke fuskantar rana. Katako yana da kyau a ido, amma yana kumbura da laima. In shi kake so, ɗauki wanda aka haɗa falle-falle da gam, a shafe dukkan gefunansa da fenti kafin a kafa, har da ƙasan da ba a gani.

Awo ne ke ɓata wa mutane aiki. A auna faɗi wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tsayi ma wuri uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta a cire milimita 10. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarori biyu. In tsayin biyun ya bambanta sosai, buɗin ya karkace, sai magini ya gyara kafin a yi oda. Tambayi mai sayarwa yawan milimitan da hinji da tayoyin samfurinsa ke iya ɗagawa ko saukewa da alanki (ɗan ƙarfen juya sukuru mai kusurwa shida). Wanda ba ya daidaituwa bayan an kafa, a bar shi, domin gini yakan ɗan zauna.

Ranar kafawa, dokin ƙofa ake fara daidaitawa da lebur, a tallafe shi ko'ina, kada a bar rami a ƙarƙashinsa. Sukurori su fara kamar milimita 150 daga kowace kusurwa, tazararsu kada ta wuce 600, kuma a mai rataya a ƙara matso da su a gefen da ƙyauren ke taruwa. Bayan kowane sukuru a cusa ɗan falen roba mai tauri tsakanin firam da bango, in ba haka ba ɗaurin zai janyo firam ya lanƙwashe. Kumfar cike giɓi ma tana tura firam ciki idan aka cika ta, a yi amfani da wadda ba ta kumbura da yawa.

Akwai wani abu da masu girkawa da kansu suka fi mantawa. Idan gilashi daban ya zo, ba a dangwala shi cikin ƙyaure haka kawai. Ana sa falen roba a kusurwar ƙasa ta gefen da ke ɗauke da ƙyauren, da kusurwar sama da ke kallonta, yadda gilashin zai tokare firam ɗin. In ba a yi ba, bayan 'yan makonni bakin ƙyauren zai sunkuya, sakata ta daina samun raminta. Gyaran ba wuya: a cire sandunan da ke riƙe gilashin, a ɗaga ƙyauren, a sake jera falen. Gilashin kuwa ya zama mai tauri wanda ke rugujewa ƙanana idan ya fashe.

Dokin ƙofa da ya yi daidai da daɓe yana da daɗin wucewa ga yara da masu keken guragu, amma ba ya tare ruwan da iska ke korowa. Wurin da babu rumfa a sama, ɗauki mai ɗan tudu da roba a bakinsa, ko kuma a gina magudana a gabansa. Ƙananan ramukan fitar ruwa da ke jikin firam kada a toshe su da silikon ko siminti, yin haka na mayar da ruwa cikin ɗaki.

Yawan ƙyaure ma a yi masa tunani. Uku ko biyar masu naɗewa gefe ɗaya suna ba da ƙyaure guda da ke buɗewa kamar ƙofar yau da kullum. Huɗu kuwa sai an raba su uku da ɗaya, in ba haka ba kowace fita sai an zare sakata an tura ƙofar. Mai buɗewa waje ba ta cin filin ɗaki, amma a tabbatar akwai fili a baranda daidai faɗin ƙyaure guda, kuma daɓen waje bai fi dokin ƙofar tudu ba.